Naka da Abin da Ya Biyo Ta

Talata, 27 ga Mayu, da hantsi

Yau da asuba na ga Naka, tauraruwar da ke shigo mana da sanyi.

Muna kan tudu ni da kakana Ramaili, inda muke hawa kullum tun satin jiya, kowa ya duƙunƙune cikin bargonsa, wutar kashin shanu sai hayaƙi, ba ɗumi. Gabas ta fara yin toka-toka. Sai ga ta cikin Wushirya, tsagar nan da ke tsakanin duwatsu biyu, tana ƙyalli ja, ta koma kore, ta koma fari, yadda take yi duk shekara ranar da ta fara leƙowa da asuba. Na matsa wa Ntate, wato kakan nawa, gwiwar hannu, kamar yadda muka saba tun bara waccan. Ya miƙe, ya ɗaga ƙaho, ya cika ƙirji.

Sai na ce, "Ntate, dakata."

Bakina ne ya riga ni. Akwai wani abu a hagunta, sama kaɗan. Ba ya ƙyalli irin na tauraro. Fari ne dishi-dishi, kamar numfashin doki da sanyin safe, da ɗan jela. Na san wannan gefen sama kamar yadda na san fuskokin raguna. Bara babu komai a wurin.

Ya sauke ƙahon ya ce, "Mene ne?"

Na gaya masa. Ya sa na maimaita. Ya ce yana tafiya? Na ce a'a. Ya ce yana da launi? Na ce a'a. Muna cikin wannan gajimare ya taso daga bayan dutse ya cika Wushirya taf. Ya rufe Naka, ya rufe ɗayan.

Ba a busa ƙaho sai tana tsaye a sama, don duk wanda ya fito ƙofar ɗaki ya ɗaga kai ya gan ta. Sai an busa makiyayan da ke can saman duwatsu za su amsa, tudu ya miƙa wa tudu, su gangaro da tumakin gari. Sai sun iso ni kuma in buɗe wa raguna, tunda ni ke tsaron ragunan garinmu Ha Sekoti duka a garken dutse. In an yi barbara yanzu, 'ya'ya su faɗo kan sabuwar ciyawa. In an makara, kowa ya san abin da ke biyo baya.

Da muke gangarowa Ntate ya ce, "Gobe ma rana ce, sarkin surutu." Bai yi fushi ba. Da ma ya yi.

Laraba, 28, da safe

Gajimare a Wushirya.

Juma'a, 30, da yamma

Gajimare jiya, gajimare yau. Saman kanmu garau, amma can ya zauna kamar an ɗaure shi.

Na yi kuskure na gaya wa Mme, uwata, ranar Laraba tana tuƙa tuwon masara. Na ce kar ta faɗa wa kowa. Ta ce wa za ta faɗa wa? Ranar Alhamis kuma matan coci ke taro.

Yau na je shagon Potlako sayen gishirin lasa. Tun da ya dawo daga Johannesburg da farantin hasken rana, shagonsa ne wurin cajin waya, kuma a bakin ƙofarsa kaɗai waya ke kama magana in ka ɗaga hannu sama. Mutum ya fi goma a ciki. Ina shiga aka yi tsit.

Potlako ya ce, "Ga shi nan! Mijin raguna da kansa! Ku ba Farfesa wuri."

Ya tura min waya a hanci. Wani Bature ne da gemu yana magana da sauri, a bayansa hoton wani abu dogo baƙi. Ban ji Turancin ba sai kaɗan. Potlako ya ce abin daga wajen duniyarmu ya fito, ya nufo mu, kuma yana rage gudu.

"Dutse yana taka birki? Ku gaya min, jama'a. Na yi shekara tara ina fasa dutse a ƙarƙashin ƙasa, ban taɓa ganin mai birki ba. Da direba a ciki!"

Wani ya ce, "To direban me ya zo nema Ha Sekoti? Ko hanyar mota ta kirki ba mu da ita."

Aka yi dariya, amma gajeriya.

Potlako ya ce an ce za a fara ganinsa kudu maso gabas kafin fitowar rana. Sai duk suka juyo suna kallona. Na ce ni Naka na gani. Ya ce, "Da me?" Na ce da wani ɗan hayaƙi. Ya ce, "Kun ji! Hayaƙin inji!" Ya so ya ɗauke ni a waya ina faɗa. Na ɗauki gishirina na fita. Na mance canjina ma, sai da ya aiko da shi.

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan coci

Mai wa'azi ya karanta inda aka ce za a busa ƙaho na ƙarshe, matattu su tashi. Bai ambaci abin ba. Ba sai ya ambata ba. Matan da ke bayana har da masu kuka.

Ntate yana kusa da ni, ya riƙe littafin waƙa a buɗe. Na juya masa shi daidai ba tare da kowa ya lura ba. Haka dai nake zato.

Litinin, 2, da safe

Gajimare. Da ban yi magana ba, da yanzu tumaki suna hanya.

Laraba, 4, da tsakar rana

Raguna sun san lokaci ya yi, ba ruwansu da waya. Sun daina cin kirki. Sai zagaye, sai ɗaga leɓe sama suna shinshina iskar da ke gangarowa daga dutse. Sajan, babban ragon nan da gari ya haɗa hannu ya sayo daga Mokhotlong, tun safe yake ja da baya yana karo da katanga. Ina jin ƙarar har cikin haƙorana. Na raba shi da sauran, na jera duwatsu tsakani. Ya rushe.

Motar ɗaukar ulu ta biyo ta ƙasan rafi jiya da sassafe ta danna hon. Nkhono Mathabo, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, ta saki tukunyar kunu ta durƙusa a tsakar gida tana kiran sunan mijinta da ya mutu, tana cewa ga ta nan. Sai da Mme ta shafa mata ruwa. Yara suna ta kwaikwayonta. Ni ban ga abin dariya ba.

Alhamis, 5, da almuru

Na tambayi Ntate ko ya taɓa ganin irin abin nan na sama. Muna shan kunun dawa mai tsami, na kai masa kwanon har hannu.

Ya ce yana saurayi an yi wata tauraruwa mai wutsiya, ta yi sati-sati ta tafi, ba ta ci akuyar kowa ba. Na ce to wannan ita ce? Ya ce, "Ina zan sani? Kai ka..." Sai ya tsaya. Ya ce kunun ya yi tsami da yawa, uwata ta soma tsufa.

Mme daga waje ta ce, "Na ji ka, Ntate."

Ya ce, "Don ki ji na faɗa."

Asabar, 7, da yamma

Taron gari yau a ƙofar mai gari. Mai garin, Morena Mapulane, ta zauna kan kujerarta jikin katanga inda iska ba ta kaiwa, sandar marigayi mijinta a kan cinya. Har mutanen ƙetaren rafi sun zo a kan dawakai.

Potlako ya fara. Ya ce yanzu ba Bature ɗaya ba ne, sun kai biyar, har da wani da ya yi aiki da masu harba kumbo. Ya ce gwamnatocin duniya sun sani suna ɓoyewa. Wani dattijo ya ce gwamnatin da ta kasa ɓoye satar taki ita za ta ɓoye abu a sama?

Morena ta ce Malama Nthati ta makarantar firamare ta yi magana, tunda ita ke karanta Turanci ba sai an fassara mata ba. Malama ta miƙe tana murza hannu. Ta ce ta karanta duk abin da wayarta ta iya buɗewa. Masu manyan madubin hangen sama da yawa sun ce ƙanƙara ce da ƙura, za ta wuce nesa, nesan da ba ta san yadda za ta kwatanta mana ba. Kaɗan sun ce tafiyarsa ba ta yi musu daidai ba.

Morena ta ce, "Ke kuma me kika ce?"

"Ina jin na farkon sun fi gaskiya, Morena. Amma ban gani da idona ba. In na ce na tabbata na yi ƙarya."

Potlako ya ce, "Kun ji, ita ma ba ta sani ba!"

Ta ce, "Yaya, ban sani ba daban, da direba a ciki daban."

Daga nan hayaniya. Wasu su ce a kira tumaki kawai. Wasu su ce wa zai kira, da me? Dattijon coci ya ce in aka busa ƙaho da asuba ga wannan abu a sama, tsofaffi uku aƙalla zuciyarsu za ta tsaya, a tambayi Mathabo. Wani ya ce wa ya san ma Naka ce yaron ya gani? Ja da kore fa ya ce, fitilar jirgi ke nan. Na ce haka take yi kullum in tana ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya ji ni. Wani daga baya ya ce in duniya za ta tashi gara a yanka Sajan a ci, kar baƙi su cinye.

Sai Morena ta buga sanda ta ce, "Ntate Ramaili. Shekara nawa kana riƙe da ƙahon nan tun ina amarya. Kai me ka gani?"



Ya miƙe a hankali, ya gyara bargo. Ya ce ya ga Naka a Wushirya, a wurinta. A gefenta kuma wani abu fari dishi-dishi, kamar numfashin doki da sanyin safe, da ɗan jela.

Maganata ce. Ko kalma ɗaya bai canja ba. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmin robana.

Potlako ya ce, "Ta hagu ko ta dama, Ntate?"

Kowa ya zuba masa ido. 

Ntate ya ce, "Hagunka ko haguna, ɗan Johannesburg? Don na ji ku a can kun mance inda rana ke fitowa."

Aka fashe da dariya har Potlako. Amma Morena ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kalle ni.

Hukuncinta: ba ƙaho. Ranar da Wushirya ta washe za ta hau tudu da kanta, da Malama, da Potlako, da duk mai so. In Naka ce kuma tana wurinta, a busa, bayan an bi gida-gida an gaya wa tsofaffi. In ba ita ba ce, sai a sake zama.

Lahadi, 8, da safe

Gajimare. Ban je coci ba, na ce raguna.

Litinin, 9, da yamma

Iska ta juya, daga kudu take zuwa. Tana da warin dusar ƙanƙara. In ta zubo da yawa kafin tumaki su sauko, mashigin dutsen da suke bi zai toshe, sai dai a jira ta narke. Raguna a nan, tumaki a can.

Na ce ba zan rubuta shekarar Baba ba, shekarar da aka makara har ya bar gida. Ina ƙarami, amma na tuna 'yan tumaki da aka haifa cikin ruwan ƙanƙara, suka shiga sanyi ƙafafunsu kamar tsinke. Na tuna ana jera su bayan garke da safe, sun sandare. Na tuna bargonsa mai ruwan toka yana gangara hanyar mota. Shi ke nan abin da zan rubuta.

Laraba, 11, da hantsi

Sajan ya kashe ragon gidan su Malama. Karo ɗaya, wuya ya karye. Ina can ina ɗebo ruwa. Shi ma ƙahonsa na dama ya tsage daga tushe, jini har ido. Na wanke da ruwan gishiri, na ɗaure da tsumma, na sa masa kwalta. Yana kallona yana huci kamar ni na hana shi.

Ni ɗin ne.

Na kai wa Malama labari. Ta ce a feɗe a raba, ba laifina ba ne. Sai ta ce in tsaya. Ta ce in zana mata a ƙasa yadda na gan su. Na zana da kara: Wushirya, Naka, ɗayan. Ta tsuguna ta daɗe tana kallo. Ta ce jelar ta ina ta nufa? Na nuna, sama, nesa da inda rana za ta fito. Ta ce haka ta karanta masu wutsiya ke yi. Na ce to ba komai ke nan? Ta ce, "Ina fata, Mosala." Ta share zanen da tafin hannu kafin yara su fito tara.

Ina fata ba amsa ba ce.

Alhamis, 12, da almuru

Potlako ya zo garke shi kaɗai, ba waya a hannu. Ya zauna kan katanga ya ba ni rabin burodi. Ya daɗe yana zancen ƙahon Sajan. Can ya ce, murya ƙasa, "Tsakani da Allah, ƙanena, ka gan shi?"

Na ce na gani.

Ya ce 'yarsa tana Johannesburg wurin uwarta, shekararta huɗu, bai gan ta ba tun tana rarrafe. Ya ce in gaskiya ne gara ya tafi yanzu ya same ta. In kuma ƙarya ce ya je, uwar za ta kira masa 'yan sanda. Ya ce ba ya barci. Yana kallon hotunan nan har wayar ta mutu, ya jona, ya ci gaba.

 Na ce masa bai yi kama da abu mai sauri ba.

Da zai tafi ya ce, "Tsohon nan naku, ranar taro na miƙa masa hannu, ya miƙa nasa gefe."  Ya ce, "Ban faɗa wa kowa ba." Ya tafi.

Na fi son sa yana ihu.

Juma'a, 13, da safe

Dusar ƙanƙara ta ɗan zubo a kan duwatsu, fari ƙal. Mashigin bai toshe ba tukuna. Tukuna.

Juma'a, da yamma

Na yi tunanin in ɗauki ƙahon daga inda yake rataye in hau in busa, Naka ko ba Naka. Makiyaya za su amsa, ba su san an yi taro ba. Na tsaya gabansa har ƙafata ta yi sanyi.

Ntate daga kan gado ya ce, "In ka gama kallonsa ka rufe ƙofa, iska na shigowa."

Ban yi motsin da za a ji ba. Na rantse ban yi ba.

Na zauna a bakin gadon. Na ce ranar da za a hau tudu mutane da yawa za su zo. Ya ce ya sani. Na ce zan tsaya kusa da shi ta dama, bargo zai rufe hannuna. Ya ce, "Ka ci abinci?" Na ce Ntate, ina magana. Ya ce, "Na ji. Ka ci abinci?"

Asabar, 14

Gajimare. Nkhono Mathabo ta raba kajinta ga jikoki.

Lahadi, 15, da almuru

Iska ta faɗi. Sanyi irin mai fasa leɓe, sama kamar an wanke ta. Duwatsun Wushirya sun fito baƙi ƙirin, ba ko ɗigon gajimare. Morena ta aiko a bi gida-gida: gobe in an ji ƙaho, na tumaki ne, na Ha Sekoti, kowa ya zauna lafiya. Mme ce ta je wurin Mathabo. Tsohuwar ta ce to ta yaya za ta bambance? Mme ta ce na mala'ika ba zai yi tari a tsakiya ba.

Na goge ƙahon da kitse. 

Litinin, 16 ga Yuni, da yamma

Zan rubuta a jere don kar in mance.

Mun hau da duhun asuba, ciyawa tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa. Na riƙe Ntate ta cikin bargo kamar ni ke jin sanyi. Mutane sun fi yadda na zata.  Aka hura wuta, ba wanda ya matsa kusa da ita.

Na tsaya damansa. Sai Morena ta ce, "Mosala, zo nan ka nuna min inda zan sa ido. Ni duk duwatsun ɗaya suke min."

Na ce daga nan ma zan iya nunawa, Morena.

Ta ce, "Na ce ka zo."

Na je. Taku kaɗan ne tsakanina da shi, amma da rafi ne da ya fi sauƙi. Ban san ko da gangan ta yi ba. Har yanzu ban sani ba.

Ɗayan ne ya fara fitowa. Ya ƙara haske, jelar ta yi tsawo, ta miƙe sama kamar hayaƙin gidan da ke nesa ranar da babu iska. Wata mata ta ce wayyo Yesu. Potlako ya ɗaga waya, ya sauke, ya ce ba ta kama komai sai baƙi. Malama ta rufe baki da hannu biyu, na ji tana cewa, "Kai, ashe kyakkyawa ce."

Sai Naka ta leƙo ta kan kafaɗar dutse. Makonnin nan sun sa ta riga lokacinta na da, sama ba ta yi toka ba tukuna, ta fito da ƙarfi. Ja, kore, fari. Tsofaffin da ke wurin suka yi ajiyar zuciya tare. Ba sai an gaya musu ba.

Kowa ya juya wurin Ntate.

Yana tsaye, ƙaho a hannu, fuskarsa ta nufi gabas sosai, inda ba komai. Yana jiran a matsa masa gwiwar hannu. Na ɗaga ƙafa zan tafi, Morena ta ɗora sandarta a gabana, a hankali, ba ta ko kalle ni ba. Potlako ya soma tari da ƙarfi, tarin ƙarya, yana matsawa wurinsa. Allah ya saka masa, amma Ntate ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

Ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Mosala."

"Ntate."

"Ta fito?"

"Ta fito."

"A wurinta?"

"A wurinta, Ntate."

"Baƙon fa?"

"Yana nan. Ya ƙara tsawo. Ya matsa sama."

"Ya taɓa ta? Ya tare mata hanya?"

"A'a."

"To ina ruwan tumaki da shi?" Ya miƙo ƙahon, ba daidai inda nake ba, wajen wuta. "Zo karɓi. Idon da ya gani shi ke busawa. Kaka biyu ke nan ina cin bashin idonka, ya isa."

 Na ji Mme tana jan hanci a baya. Morena ta janye sandarta. Ta ce, "Yaro, sanyi zai kashe mu. Ka busa ko in busa."

Na karɓa. Na farko ya fito kamar tusar jaki. Potlako ya ƙyalƙyale har ya riƙe ciki, wasu suka bi shi, har da masu hawaye. Ntate ya ce, "Leɓe, sakarai, ba kumatu ba." Na sake. Wannan ya tafi. Na ji shi ya bugi dutsen ƙetare ya dawo. Na sake, na sake, har kaina ya yi jiri.

Muka tsaya muna saurare. Ba komai. Karnukan gari kawai.

Ntate ne ya fara ji. Ya ɗaga yatsa. Can nesa, siriri kamar kukan sauro, wani ƙaho daga saman mashigi. Sai wani bayansa, ya fi nisa.

Gobe da yamma tumakin farko za su iso in sama ta riƙe. Mun makara, amma ba irin ta shekarar Baba ba. Na je na gaya wa Sajan. Ƙahonsa ya daina jini. Ya ci abincinsa yau.

Mathabo ba ta mutu ba. Ta aiko a dawo mata da kaji biyu.

Potlako ya ce gobe zai bi motar ulu zuwa Mokhotlong, daga can Johannesburg. Na ce ai ka gani, hayaƙi ne kawai. Ya ce ya gani, kuma har yanzu bai yarda ba direba, amma ko da direba ko babu zai je. Malama ta ce za ta hau da 'yan ajinta jibi su gani kafin abin ya tafi. In zai tafi. Ni dai ban san mene ne ba. Da na rufe ido ina ganin jelar. Gobe zan hau in duba ko ya ƙara matsowa, tunda yanzu hawan nawa ne.

Da muka dawo gida na je zan rataye ƙahon a ƙusarsa, Ntate ya ce a'a, in rataye shi saman gadona ni. Ya juya fuska bango. Bai ci tuwon rana ba. Na bar masa a rufe.

Waɗanda suka ga Naka a wurinta yau, da abin da ke gefenta: Morena Mapulane. Malama Nthati. Potlako. Mme. Dattijon coci da matarsa. Mutanen ƙetaren rafi su shida da ban san sunan biyu ba. Ni, Mosala.

Da kakana Ramaili. Yana wurin, shi ya fara jin amsar. Duk wanda ya tambaye ni, da shi zan fara.